Farar Ƙasa da Zinariya: Tarihin Kogwannin Sterkfontein

A watan Agusta na shekarar 2019, lokacin da damina ta yi nisa a gida har gero ya fara fitar da kai, muka sauka birnin Johanasbag na Afirka ta Kudu, ni da iyalina, muka tarar da hunturu yana kaɗawa. Ƙanena da ke zaune can shi ya gayyace mu, shi ne kuma ya nace cewa ba za mu koma ba sai mun ga waɗansu kogwanni da ke arewa maso yammacin birnin, tafiyar kamar kilomita 50. Ni dai ban yi ɗoki ba. Uwargida ma cewa ta yi, "Malam, yanzu mu keto hazo tun daga gida don kawai mu shiga rami?" Yara ne suka rinjaye mu, babbar 'yata mai shekara 14 da autanmu mai shekara 8, waɗanda baffansu ya riga ya cika wa kunne da labari tun a waya.

Sunan wurin Sterkfontein. A harshen Afirkans, na Turawan da kakanninsu suka zo daga Holan, ma'anarsa idon ruwa mai ƙarfi. Ɗalibi zai lura na ce kogwanni, ban ce koguna ba. Jam'in kogo da na kogi sukan zo da sura ɗaya, kuma a labari irin wannan, wanda ruwa ke da hannu a cikinsa ko ta ina, gara a raba su tun da wuri.

Daga waje babu abin kallo. Tudu ne mai busasshiyar ciyawa da baƙaƙen duwatsu masu tamoji kamar fatar giwa. Aka ba kowa hular kwano, wata matashiyar ja-gora ta shige gaba, muka bi dogayen matakala zuwa ƙasa, zurfin da ya kai wajen mita 60. Iskar ciki mai laima ce, ba zafi ba sanyi. Akwai zauren da murya ke amsa kuwwa, akwai kuma lungun da sai babba ya durƙusa ya ja jiki, inda na tuna cewa gwiwoyina sun girme ni. A can ƙarshen gangara wani tafki ne kwance, ruwansa garau, ko motsi ba ya yi. Ja-gorar ta ce tun da wani mai ninƙaya ya ɓace a cikinsa ya rasu a 1984 aka hana kowa shiga.

Auta ne ya fara lura da abin da ya zama tushen wannan rubutu. A hotunan kogwannin wasu ƙasashe da baffansa ya nuna masa, ya ga fararen duwatsu suna reto daga rufi kamar hantsar saniya, wasu kuma suna tasowa daga ƙasa su tarye su. Nan kuwa mafi yawansu kututture ne kawai, an guntule su, ga tabon ƙarfe a jikin bango. Ya ja rigata ya ce, "Baba, wa ya karya su?" Amsar wannan tambaya ita ce tarihin wurin gaba ɗaya, kuma ba a cikin kogon take farawa ba.

Sai dai kafin a kai ga wanda ya karya, ya kamata a san yadda aka yi suka tsiro. Masana ilmin duwatsu sun ce fiye da shekara biliyan 2 da suka wuce, wannan tudu gindin wani teku ne marar zurfi. Taɓon da ya kwanta a ƙarƙashinsa shi ya daskare ya zama wani nau'in dutsen farar ƙasa da ake kira dolomait. Mai karatu da ya san Malbaza ko Kalambaina, inda ake fasa dutsen farar ƙasa a yi siminti, ya san ɗan'uwan wannan dutse, ko da yake namu jariri ne idan aka gwada shekaru. Ruwan sama yana da ɗan tsami kaɗan, wanda harshe ba ya ji amma dutse yana ji. Ya yi ta bin tsaga yana lasar dutsen har ya rarake cikinsa. Da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, sai aka bar zaurukan fanko. Daga nan ɗigon da ke sauka daga rufi ya riƙa barin ɗan farin gishirin da ya narko da shi, ɗigo bayan ɗigo, shekara dubu bayan dubu, har fararen ginshiƙan nan suka ginu. Su ne farar ƙasa tsantsa, ba gauraye.

A wasu wurare rufin ya ɓurma, ya bar rijiya a tsakiyar daji. Dabba ta zo wucewa ta rufta. Damisa ta hau itacen da ya tsiro a bakin ramin da abin da ta kama, ƙasusuwa su zubo ciki. Ruwa ya kwaso tsakuwa da jar ƙasa ya binne su, sannan ɗigon farar ƙasa ya ɗaure su duka kamar kankare. Wani masani mai suna C. K. Brain ya taɓa nuna ƙoƙon kan wani yaro na irin halittun da za mu yi magana a kansu, wanda aka tono a kogon Swartkrans da ke kusa, yana da huda biyu a ƙeya. Da ya ɗauko haɓar wata damisa ta wancan zamani ya gwada, sai fiƙoƙinta biyu suka zauna daram a cikin hudojin. Wannan shi ne labarin da Auta ya fi so, ya kuma maimaita shi a jirgi har muka gaji.

To, yanzu ga wanda ya karya.

A shekarar 1886 aka gano zinariya a wata gona da ake kira Langlaagte. Cikin shekara 10 fili fetal ya zama birnin Johanasbag mai mutane wajen 100,000. Har yau Zulu na kiran birnin eGoli, lardin kuma sunansa Gauteng, dukansu na nufin wurin zinariya. Da farko aikin ya zo da sauƙi, domin dutsen da ke kusa da sama ya riga ya yi laushi. A niƙa shi, a bi da shi ta kan zaiba, zaiba ta kama zinariyar. Amma da ramuka suka yi zurfi wajen 1889, sai aka iske zinariyar a ƙulle cikin wani ma'adini mai haɗe da farar wuta, wanda zaiba ba ta iya ɓanɓaro ta daga gare shi yadda ya kamata. Hannun jari ya faɗi, mutane suka fara ɗaure kaya.

Abin da ya ceci birnin daga Gilasgo ta ƙasar Sikotilan ya fito. Wani masanin haɗa magunguna, John MacArthur, da wasu likitoci biyu wa da ƙane, Robert da William Forrest, sun yi rajistar wata dabara a 1887, wadda aka gwada a mahaƙan Johanasbag a 1890. Dabarar ita ce a jiƙa niƙaƙƙen dutse cikin ruwan gubar sayanaid, wadda ke narkar da zinariya kamar yadda ruwa ke narkar da sukari, daga baya a tsamo ta. Sai dai gubar na da sharaɗi. Idan ruwan ya yi tsami, sai ta tashi ta zama iska mai kisa, a yi hasarar magani a kuma yi hasarar rai. Abin da ke kashe tsamin shi ne toyayyiyar farar ƙasa. Nan take farar ƙasa, wadda mu muka sani da shafen ɗaki, ta zama abin da arzikin ƙasa guda ya rataya a kai. Kowace mahaƙa tana bukatarta amalanke-amalanke, ga kuma magina suna nema.

Masu neman farar ƙasa suka bazu cikin tuddan dolomait da nakiya. A 1896 wani Ba'italiye mai suna Guglielmo Martinaglia ya fasa tudun Sterkfontein ya faɗa cikin zaurukan da muka shiga. Abin da ɗigo ya yi dubban shekaru yana ginawa aka riƙa kakkaryawa, a ɗora a kai ko a tura a kura, a kai matoya, a hura masa wuta har zafi ya kai wajen digiri 900. Masu huda dutse da masu dako da masu tsayuwa a bakin wuta baƙaƙen fata ne 'yan ƙodago, kuma takardun kamfanoni ba su damu da riƙe sunayensu ba. Dutsen da ya fito fari fat shi ake toyawa. Wanda ya gauraya da jar ƙasa da ƙashi kuwa ba shi da kasuwa, sai a watsar da shi juji. Mai karatu ya riƙe wannan jujin a ransa, za mu komo kansa.

Farkon abin da ya girgiza duniya ba daga Sterkfontein ya fito ba. Daga wata mahaƙar farar ƙasa ce a Taung, can nesa a bakin hamadar Kalahari. A 1924 wata ɗalibar likitanci, Josephine Salmons, ta ga ƙoƙon kan wani gwaggon biri da ya zama dutse an ajiye shi ado a gidan wani shugaban kamfanin, ta aro shi ta kai wa malaminta. Malamin shi ne Raymond Dart, ɗan Ostireliya mai shekara 31, farfesan ilmin sassan jiki a Jami'ar Witwatersrand. Ya roƙi a riƙa aiko masa da duk ƙashin da nakiya ta tono. Akwatuna biyu suka iso gidansa ranar da yake shirin tsayawa abokin ango a wani ɗaurin aure. A cikin ɗaya ya ga dunƙulen dutse mai siffar ƙwaƙwalwa, da wani dutsen da fuska ke ɓoye a cikinsa. Ya yi makonni yana sassaƙe shi da ƙarafan saƙa na matarsa, har a ranar 23 ga Disamba fuskar ta bayyana: yaro ne ɗan shekara 3 ko 4, da haƙoransa na nono.

Abin da Dart ya gani shi ne ƙwaƙwalwa ƙarama kamar ta biri, amma haƙora irin na mutum, kuma ramin da laka ke bi ta shiga kai yana ƙarƙashin ƙoƙon, ba ta baya ba, alamar cewa mai shi a miƙe yake tafiya da ƙafa biyu. A watan Fabrairu na 1925 ya buga bayaninsa a mujallar Nature, ya raɗa wa halittar suna Australopithecus africanus, wato birin kudu na Afirka.

Manyan masana na Landan suka yi masa ca. Suka ce ɗan biri ne kawai, Dart kuma yaro ne mai gaggawa. Dalilansu ba na ilmi ba ne zalla. A lokacin an fi son a ce asalin mutum daga Asiya yake ko daga Turai, kuma tun 1912 Ingila na alfahari da wani ƙoƙon kai da aka ce an tono a Piltdown, mai babbar ƙwaƙwalwa da haɓar biri. Wannan ya dace da abin da ake so a ji, cewa hankali ne ya fara zuwa, kuma a Ingila ya fara. Yaron Taung kuwa kishiyar haka ya nuna: ƙafa ta riga kai, kuma a Afirka. Sai a 1953 aka tabbatar da cewa na Piltdown jabu ne, wani ne ya haɗa ƙoƙon mutum da haɓar birin orangutan, ya goge haƙoran da magagari, ya rina su don su yi kama da tsofaffi. Shekara 41 ƙarya tana zaune a kujerar gaskiya.

Cikin 'yan ƙalilan da suka tsaya wa Dart tun daga farko akwai Robert Broom, likita ɗan Sikotilan da aka haifa a 1866, wanda ya yi suna wajen nazarin ƙasusuwan dabbobi masu rarrafe na yankin Karoo. Mutum ne mai taurin kai da ban dariya, mai zuwa fagen tono da baƙar kwat da ƙulallen wuya kamar zai je coci. A 1934 Jan Smuts, ɗaya daga cikin manyan 'yan siyasar ƙasar, ya sama masa aiki a gidan tarihi na Transvaal da ke Firitoriya. Broom ya ƙudura cewa tun da an ce na Dart yaro ne ba a iya hukunci da shi, shi zai nemo babba. A watan Agusta na 1936 wasu ɗaliban Dart suka kai shi Sterkfontein. Manajan mahaƙar, G. W. Barlow, ya taɓa aiki a Taung, kuma yana sayar wa masu yawon buɗe ido ƙasusuwan da nakiya ta fitar. Ranar 17 ga watan ya miƙa wa Broom wani dunƙulen ƙwaƙwalwar dutse. Broom ya bi jujin yana tsince-tsince har ya haɗa sauran ƙoƙon. Yana da shekara 69 a lokacin.

Bayan shekara 2 Barlow ya sake sayar masa da wani guntun dasashi mai haƙori ɗaya, ya ce wani ɗan makaranta ne, Gert Terblanche, ya kawo. Broom ya bi yaron har aji, ya tarar da haƙora huɗu a aljihun wandonsa. Ya saye su, ya yi wa 'yan makarantar lacca, sannan yaron ya kai shi tudun Kromdraai inda ya ɓalle su. Nan aka sami wata halittar dabam mai kaurin haɓa da manyan turame, wadda Broom ya kira Paranthropus robustus. Irin wannan ta sake faruwa a 2008, lokacin da Matthew Berger, yaro ɗan shekara 9 da ya bi mahaifinsa wani tsohon ramin masu farar ƙasa a Malapa, ya juya wani dutse ya ga ƙashin allon wuya na wata halittar da ba a taɓa sani ba. Tun da Auta ya ji haka bai sake ɗaga kai daga ƙasa ba.

Haƙar farar ƙasa ta tsaya a Sterkfontein a 1939. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Broom ya koma da nakiyarsa. Hukumar kula da kayan tarihi ta hana shi, tana cewa fashewa na rikita jerin shimfiɗun ƙasa da ake gane shekaru da su, kuma a wannan hukumar ce ke da gaskiya. Ya yi kunnen uwar shegu, ya dogara da goyon bayan Smuts. Ranar 18 ga Afrilu na 1947, shi da mataimakinsa John Robinson suka tayar da nakiya, ƙura ta lafa, sai ga ƙoƙon kai kusan cikakke, fashewar ta raba shi biyu. Jaridu suka yi masa laƙabi da Madam Ples, daga dogon sunan da Broom ya ba shi. Ya haura shekara miliyan 2, kuma har yau masana na gardama ko mace ce ko namiji. A shekarar nan Arthur Keith, babban masanin Ingila da ya fi kowa kushe Dart, ya rubuta a fili cewa Dart ne ya yi daidai, shi ya yi kuskure.

Wannan shi ne labarin kamar yadda aka saba ba da shi, kuma ban ga dalilin rage wa mutanen biyu girma ba. Sun ga abin da manyansu suka ƙi gani, sun jure dariya shekara 20. Amma akwai ɓangaren da ba ya cikin allunan bango. A 1936 ɗin nan da Broom ya sami ƙoƙonsa na farko, an kwaso wasu mutanen San daga Kalahari aka baje su a bikin baje kolin Daular Ingila a Johanasbag, jama'a na biya suna kallo, Dart kuma ya auna jikunansu ya ɗauki zubin fuskokinsu. Broom ya tara ƙasusuwan matattun mutanen ƙasar, ya auna kawunansu don rarraba 'yan Adam jinsi-jinsi. Mutanen da suka nuna wa duniya cewa Afirka ce mafari, su ne kuma ba su iya kallon Ba'afirken da ke tsaye gabansu a matsayin tsara ba. Shekara ɗaya bayan Madam Ples, a 1948, jam'iyyar Smuts ta faɗi zaɓe, aka kafa mulkin wariyar launin fata a hukumance. Sabuwar gwamnatin ba ta da sha'awar wata hujja da ke cewa fari da baƙi tushensu ɗaya, kuma ba a koyar da wannan ilmi a makarantunta ba.

Su wa suka riƙe guduma da kurfi? Akwai Saul Sithole, wanda ya yi wa gidan tarihi na Transvaal aiki fiye da shekara 60, gwanin gyaran ƙashi da fatun tsuntsaye, wanda yana tare da Broom a Sterkfontein a 1936. Akwai Daniel Mosehle, wanda ya yi shekaru yana tono tare da Broom, mai idon da ke gane haƙori a cikin tarin tsakuwa. Doka da al'ada sun hana irinsu digiri da muƙami, sunayensu kuma ba su hau kan takardun ilmi ba. Hausawa sun riga sun faɗi irin wannan: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A kan hanyarmu cikin kogon mun wuce wata ƙofar ƙarfe a kulle. Ja-gorar ta haska tocila ciki ta ce nan ne lungun Silberberg, inda aka sami abin da ya fi komai daraja a wurin. Tun 1966 Phillip Tobias da Alun Hughes na Jami'ar Witwatersrand suka fara tono na tsanaki, ba nakiya, kuma cikin aikinsu har da tankaɗe jujin da masu farar ƙasa suka bari. A 1994 wani masani, Ron Clarke, yana binciken wani akwati da aka rubuta wa ƙasusuwan dabbobi, sai ya ga ƙananan ƙasusuwan ƙafa guda huɗu waɗanda ba na biri ba ne, ba na gada ba. Daga nan laƙabin Little Foot ya samo asali, wato Ƙaramar Ƙafa. A 1997 ya sake samun wasu a wani akwatin, har da guntun ƙashin ƙauri wanda karayarsa sabuwa ce, irin ta nakiya. Ya yi tunanin cewa idan nakiyar masu farar ƙasa ce ta ɓalle shi shekaru da yawa da suka wuce, to sauran jikin yana nan maƙale a bango.

Ya ba mataimakansa biyu, Stephen Motsumi da Nkwane Molefe, kwafin guntun, ya ce su shiga su nemi inda ya karye. A yi tunanin wannan aiki: zaure mai duhu, bango da ƙasa duk dunƙulen tsakuwa da ƙasusuwa, ana neman tabon da bai fi kwabo faɗi ba, da fitilar hannu. A rana ta biyu suka same shi. Suka ɗora guntun a kan tabon, ya zauna kamar murfi a kan tukunyarsa. Bayan haka aka yi shekara 20 ana ɓantare dutsen da wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami, domin ƙashin ya fi dutsen da ya riƙe shi laushi. A watan Disamba na 2017 aka nuna wa duniya ƙwarangwal ɗin, fiye da kashi 90 cikin 100 nasa cikakke. Tsohuwa ce, tsayinta bai wuce na yarinya 'yar firamare ba, da alama ruftawa ta yi ta ɗaya daga cikin rijiyoyin nan. Wani awo da aka buga a 2015 ya ba ta shekara miliyan 3.67, ko da yake akwai masanan da ke ganin ba ta kai haka ba.

Abin da ya bambanta 1997 da 1936 shi ne an faɗi sunayen Motsumi da Molefe tun ranar farko, ja-gorarmu kuma ta ambace su da wata irin murya da ba ta yi amfani da ita ga sauran ba. Wariya ta faɗi a 1994, shekarar da Clarke ya buɗe akwatin. A 1999 hukumar UNESCO ta sa wannan yanki cikin wuraren gadon duniya, a zama ɗaya da tsibirin Robben inda aka tsare Nelson Mandela. Ana yi wa yankin kirari da mahaifar ɗan Adam. Kirari ne na masu tallan yawon buɗe ido, domin Habasha na da nata, kuma maƙwabciyarmu Chadi na da wanda ya girme su duka, ƙoƙon Tumai mai shekara wajen miliyan 7, wanda aka samu a hamadar Djurab a 2001. Shi ma ɗan Chadi ne ya tsinto shi, Ahounta Djimdoumalbaye, amma sunan farfesan Faransa da ya shugabanci binciken ya fi yawo a duniya.

Muna hawa matakalar fita 'yata ta rage tafiya har muka jera. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka ba na kiran sunanta. Ta ce a hankali, "To Baba, ina Annabi Adamu a cikin duk wannan?" Na daɗe ina jiran tambayar, kuma ban so in sallame ta da abin da ni kaina ban gamsu da shi ba. Na ce, "Uwata, ƙasusuwan nan gaskiya ne, ba irin na Piltdown ba. An yi wata halitta a nan mai tafiya da ƙafa biyu, ba biri ba ce irin wanda kika sani, ba kuma mutum ba ce irinmu. Masana wannan fage suna ɗaukarta dangin kakannin mutum, hujjojinsu kuma ba na wasa ba ne. Yadda za a zaunar da wannan tare da abin da muka karanta, magana ce da malamai suka daɗe suna yi, ba a kuma ƙare ta a kan matakala." Ta yi shiru, sannan ta ce za ta tambayi malaminsu na Islamiyya. Na ce ta tambaya, ta kuma tambayi na kimiyya, ta zo ta gaya mini abin da kowanne ya ce.

A bakin fita akwai mutum-mutumin Broom na tagulla, yana riƙe da Madam Ples. An ce wanda ya shafi hancinsa zai yi sa'a, wanda ya shafi hannunsa zai yi hikima, kuma ba a haɗa biyun. Hancin ya fi hannun sheƙi nesa ba kusa ba. Uwargida ta ce camfi ne, ta ja hannun Auta suka wuce. Shi kuwa ya riga ya cika aljihu da tsakuwa, sai da baffansa ya sa shi ya zazzage su a gefen hanya, domin doka ta hana fita da ko ƙwaya ɗaya.

Da yamma muka kama hanyar komawa ta garin Krugersdorp. Can gefen titi wasu tuddai ne dogaye, rawaya-rawaya, samansu a baje kamar tebur, iska na kwasar ƙura daga jikinsu tana watsawa kan gidajen talakawa da ke gindinsu. Auta ya ce, "Baffa, waɗancan ma kogo ne a ciki?" Baffansa ya ce a'a, dusar dutse ce da aka tace wa zinariya aka tara tun zamanin kakanni. Na gaya masa cewa fararen ginshiƙan da ya nema a kogo bai gani ba, wani abu daga cikinsu yana cikin irin tuddan can, an toya shi, an dama shi da guba, an zubar. Ƙanena ya ƙara da cewa tuddan ma ba za su daɗe ba. Kamfanoni sun komo suna rushe su da ruwa mai ƙarfi, suna tura taɓon ta bututu zuwa masana'anta, domin tace 'yar zinariyar da ta kuɓuce wa mutanen farko.